Super Falcons da Abokan Hamayyarsu, Daga Kaduna Zuwa Rabat

Tun daga 1998, shekarar da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, ta fara tara ƙasashe a wuri guda domin gasar cin kofin nahiyar ta mata, an buga gasar sau 13 zuwa 2025. Najeriya ta ɗauki kofin sau 10, Ikwatoriyal Gini ta ɗauka sau 2, Afirka ta Kudu kuma sau 1. Babu wasan ƙarshe ko guda ɗaya da Super Falcons, tawagar matan Najeriya, suka kai suka dawo gida hannu rabbana. Duk wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma kaɗai zai ɗauka cewa a ƙwallon matan Afirka sarauniya ɗaya ce tak, sauran kuwa 'yan rakiya ne. Ni ba haka nake kallon lamarin ba. A ganina abin da ya fi ba da sha'awa a tarihin wannan gasa shi ne yadda masu ja da Najeriya suka riƙa sauyawa daga zamani zuwa zamani, da yadda kowace sabuwar abokiyar hamayya ke zuwa da shirin da ya fi na wadda ta gabace ta, har aka iso yau, inda kofin da a da ake ɗauka cikin raha ya koma abin da sai an yi jiɓin goshi kafin a taɓa shi.

A gasar 1998, wadda aka buga a Kaduna da Abeokuta, Falcons sun zura ƙwallo 28 a wasa biyar, kuma babu wadda ta samu ta girgiza ragarsu. A Kaduna suka lallasa Maroko da ci 8 da nema, sakamakon da ya kamata mai karatu ya riƙe a zuciyarsa saboda abin da zai biyo baya. Wannan tawaga ta mai horarwa marigayi Ismaila Mabo, mutumin Jos, ita ce ta je Amurka a 1999 ta kai zagayen ƙasashe takwas na gasar cin kofin duniya, inda Brazil ta zura mata uku kafin hutun rabin lokaci, Najeriya ta farke duka ukun, sannan Sissi ta Brazil ta raba gardama da bugun tazara a ƙarin lokaci. Tawagar da ta iya yi wa Brazil haka, da su Mercy Akide da Florence Omagbemi da Nkiru Okosieme a cikinta, ba ta da tsara a Afirka a wancan lokaci, kuma kowa ya san da haka.

Ghana ce ta fara gwada ƙwanjinta. Sau uku Black Queens suka kai wasan ƙarshe, a 1998 da 2002 da 2006, kuma sau ukun a ƙasar Najeriya aka buga, sau ukun suka sha kashi ba tare da sun ci ko ɗaya ba. Amma su ne suka fara nuna cewa Falcons ma mutane ne. A gasar 2002 da aka yi a jihar Delta, Alberta Sackey ta ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan rukuni, Ghana ta doke masu masaukin baƙi a gaban jama'arsu. An sake haɗuwa a wasan ƙarshe, Najeriya ta rama da ci 2 da nema. Hamayyar Najeriya da Ghana a ƙwallon maza tsohuwa ce, ta girmi 'yancin kan ƙasashen biyu, shi ya sa ta mata ta gaji zafinta tun daga ranar farko. Sai dai Ghana ba ta gina komai a kan wannan harsashi ba. Bayan ta halarci gasar duniya sau uku a jere, a 1999 da 2003 da 2007, sai ta ɓace daga wannan fage, har ta kai ga a 2018, tana mai masaukin baƙi, aka fitar da ita tun a matakin rukuni. Sai a 2025 ta sake ɗago kai, ta ƙare a matsayi na uku.

Kamaru ma sau uku ta kai wasan ƙarshe a wannan tsari, a 2004 da 2014 da 2016, kuma ta fi Ghana shan ɗaci. A 2004 Perpetua Nkwocha ita kaɗai ta zura mata huɗu daga cikin biyar ɗin da aka ci ta. Amma wasan da na fi tunawa shi ne na ranar 3 ga Disamba, 2016, a filin wasa na Ahmadou Ahidjo da ke Yaounde. Filin ya cika maƙil tun sa'o'i kafin a take wasa, shugaban ƙasa Paul Biya na zaune a cikin 'yan kallo, kuma Kamaru na da tawagar da shekara guda kafin nan ta tsallake matakin rukuni a gasar duniya ta Kanada, da su Gaëlle Enganamouit da Gabrielle Aboudi Onguéné a gaba. Gaskiyar magana ita ce Kamaru ta fi taka leda a wannan rana, ta fi kai hari, ta kuma ɓarar da damarmakin da suka isa cin kofi biyu. Saura 'yan mintuna a tashi Desire Oparanozie ta samu dama guda ta jefa ƙwallo a raga, filin ya yi tsit. Florence Omagbemi, wadda ta ɗaga kofin tana kyaftin, ta sake ɗaga shi tana mai horarwa. Kamaru ba ta sake kai wasan ƙarshe ba tun daga wannan rana, kuma a ganina har yau ba ta gama farfaɗowa ba.

Ba a gasar nahiyar kaɗai waɗannan biyun ke kai ruwa rana ba. Kamaru ce ta hana Najeriya zuwa gasar Olympics ta London a 2012, da bugun fenariti. Wannan shi ne farkon dogon rashi, domin bayan Beijing a 2008 Falcons ba su sake taka filin Olympics ba sai a Faris a 2024. Tsarin neman gurbin Olympics a Afirka ba shi da tausayi ko kaɗan: gida da waje ne, wanda ya faɗi ya tafi, gurabe kuma ɗaya ko biyu ne ga nahiyar baki ɗaya. A nan ne, fiye da ko'ina, manyan ƙasashen ke yi wa juna illa.

Batun Ikwatoriyal Gini daban ne, kuma ba na son in daɗe a kansa. Ita ce ƙasa ta farko da ta karɓe kofin daga hannun Najeriya, a 2008 a gidanta, bayan ta fitar da Falcons da ci ɗaya mai ban haushi a wasan kusa da na ƙarshe, ta kuma maimaita cin kofin a 2012, nan ma a gidanta. Tana da Genoveva Añonma, wadda babu mai musun bajintarta. Amma an gina tawagar ne a kan 'yan wasan da aka ɗauko daga waje, musamman Brazil, aka ba su takardun zama 'yan ƙasa, kuma a ƙarshe FIFA ta haramta mata shiga gasar duniya ta 2019 saboda amfani da 'yan wasan da ba su cancanta ba. Da aka toshe wannan hanya sai tawagar ta sulale. Ta samu kofi biyu a tarihi, amma ba ta bar wata gaba mai ɗorewa tsakaninta da kowa ba.

Hamayya ta gaskiya, wadda ta yi jijiya ta yi rassa, ita ce ta Najeriya da Afirka ta Kudu. Farkonta bai nuna alamar haka ba. Tawagar matan Afirka ta Kudu ba ta buga wasanta na farko ba sai a 1993, bayan an ɗage wa ƙasar takunkumin da aka ƙaƙaba mata saboda mulkin wariyar launin fata. A 1995 suka haɗu da Najeriya gida da waje domin neman gurbin gasar duniya, jimillar ci ya tashi 11 da 2. A watan Nuwamba na 2000 suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a Vosloorus, kusa da Johannesburg. Da Najeriya ta ci ta biyu sai 'yan kallo suka ce satar gida ce, suka fara ruwan duwatsu da kwalabe a cikin fili, 'yan sanda suka shigo, wasan bai kai ga ƙarewa ba, aka miƙa wa Najeriya kofi. Daga wannan rana wasan ƙasashen biyu ya daina zama wasa kawai, musamman da yake akwai gasa tsakaninsu a wasu fannoni da ba na ƙwallo ba, tun daga tattalin arziki har zuwa muryar da ta fi ƙarfi a harkokin nahiyar.

Banyana Banyana, tawagar Afirka ta Kudu, sun daɗe suna cin ƙasa kafin su samu sa'ar Falcons. Sai a 2012, a wasan kusa da na ƙarshe a Ikwatoriyal Gini, Janine van Wyk ta ɗaɗa wata ƙwallo daga nesa ta faɗa raga, aka tashi 1 da nema. A wannan shekarar Najeriya ko na uku ba ta samu ba. Abin da ya bambanta Afirka ta Kudu da sauran masu ja da Najeriya shi ne haƙuri da tsari guda. Desiree Ellis, wadda ta buga wancan wasa na farko a 1993 tana da shekara 30, ta karɓi ragamar horar da tawagar a 2016, kuma aka bar ta ta yi aikinta shekara da shekaru, alhali a wannan tsakanin Najeriya ta sauya masu horarwa daga Omagbemi zuwa Thomas Dennerby ɗan Suwidin, zuwa Randy Waldrum ɗan Amurka, zuwa Justine Madugu. Sun kuma zaɓi salon wasa suka tsaya a kansa: ƙwallo a ƙasa, gajerun bugu, da saurin 'yan gaba irin su Thembi Kgatlana da Jermaine Seoposenwe, domin sun san idan aka ce a gwada ƙarfin jiki da dogayen bugu Najeriya za ta cinye su. Wanda ya kalli wasannin ƙasashen biyu a shekarun baya-bayan nan zai lura cewa sau da yawa ƙwallo ta fi daɗewa a ƙafar 'yan Afirka ta Kudu, ko da kuwa Najeriya ce ta yi nasara.

Daga 2018 zuwa yau kusan kowace haɗuwarsu ana iya cewa ƙiris ne ya raba su. A Ghana a 2018 Kgatlana ta ci ƙwallon da ta ba su nasara a wasan rukuni. A wasan ƙarshe a Accra aka yi minti 120 babu ci, Asisat Oshoala ta ɓarar da fenariti ana cikin wasa, sannan Najeriya ta tsira da 4 da 3 a bugun daga kai sai mai tsaron gida bayan Tochukwu Oluehi ta tare bugun Linda Motlhalo. A watan Satumba na 2021 Banyana suka zo har Legas, a gasar kofin Aisha Buhari, suka ci Falcons 4 da 2. A 2022 suka sake doke su 2 da 1 a wasan farko na rukuni a Rabat, daga nan ba su tsaya ba sai da suka ɗaga kofin, bayan sun faɗi a wasan ƙarshe sau huɗu a baya. Najeriya ta rama a watan Afrilu na 2024 da fenariti guda da Rasheedat Ajibade ta ci a Abuja, aka je Pretoria aka yi canjaras babu ci, Falcons suka karɓi tikitin Olympics. Sai kuma watan Yuli na 2025 a Casablanca, wasan kusa da na ƙarshe: Ajibade ta ci fenariti, Motlhalo ta farke da fenariti, kowa ya fara shirin ƙarin lokaci, sai wata ƙwallo da Michelle Alozie ta ɗaga daga gefen dama ta wuce kowa ta shige raga a cikin mintunan da alƙaliyar wasa ta ƙara. A wannan wasa ne Gabriela Salgado ta Afirka ta Kudu ta ji mummunan rauni a ƙafa, aka ga 'yan wasan ɓangarorin biyu cikin jimami, daga baya kuma 'yan Najeriya suka je duba ta a asibiti. Na kawo wannan ne saboda masu zagin juna a shafukan sada zumunta da sunan goyon baya su san cewa waɗanda ke cikin fili ba haka suke ɗaukar junansu ba.

A filin dambe ba a auna ɗan wasa da yawan waɗanda ya kashe kawai, ana tambayar su wane ne ya kashe, kuma wa ya taɓa sa shi kai gwiwa ƙasa ya tashi ya dawo. Da wannan ma'auni nake cewa kofin 2018 da na 2025 sun fi na 1998 nauyi nesa ba kusa ba, duk da cewa a kan takarda kowane ɗaya ne ake ƙirga shi. Ina kuma ganin Afirka ta Kudu ta yi wa Najeriya alheri ba da niyya ba. Tawagar da ta je Ostireliya a 2023 ta riƙe Kanada, mai riƙe da zinaren Olympics, inda Chiamaka Nnadozie ta tare fenaritin Christine Sinclair, ta doke mai masaukin baƙi 3 da 2 a Brisbane, ta kuma kai Ingila har bugun fenariti, tawaga ce da ta ji jiki a Afirka shekara guda kafin nan, ta gane cewa tsohon suna ba ya tare ƙwallo. Falcons na 2023 sun fi na shekarun baya tsari a baya da haƙurin jiran dama, kuma ban yi imani za su koyi wannan ba da a ce har yanzu suna cin kowa shida-shida a Afirka.

Sai Maroko, wadda ita ce ainihin dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Ƙasar da aka ci 8 a Kaduna ta ɓace daga gasar bayan 2000, ba a sake ganinta ba sai da ta karɓi baƙuncin ta 2022. Abin da ya faru a tsakani ba ɓoyayye ba ne. A 2019 aka buɗe katafariyar cibiyar horarwa ta Sarki Mohammed na Shida a kusa da Rabat, wadda tawagar mata ke amfani da ita kamar yadda ta maza ke yi. A 2020 hukumar ƙwallon ƙasar ta fito da shirin bunƙasa ƙwallon mata, ta kafa gasar ƙwararru mai mataki biyu, ta kuma ɗauki nauyin tallafa wa albashin 'yan wasa da masu horarwa. Ƙungiyar sojojin ƙasar, AS FAR, wadda ita ce ƙashin bayan tawagar, ta ci kofin zakarun Afirka na mata a 2022. Babu sihiri a ciki: kuɗi ne aka zuba, aka kuma bi diddiginsu.

Ranar 18 ga Yuli, 2022, mutum 45,562 suka cika filin Yarima Moulay Abdellah a Rabat domin wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Maroko da Najeriya, adadin da ba a taɓa gani ba a wasan mata a Afirka kafin wannan dare. An kori Halimatu Ayinde, haifaffiyar Kaduna, jim kaɗan bayan dawowa daga hutu, aka sake korar Ajibade, ya zama 'yan wasa tara ne suka riƙe 1 da 1 har ƙarshen ƙarin lokaci, ga hasken lesa ana haska musu a ido daga cikin 'yan kallo. Har Gift Monday ta buga ƙarfen raga a wannan hali. Maroko ta wuce da 5 da 4 a fenariti, inda Rosella Ayane ta ci bugun ƙarshe ta juya ba tare da ta san an gama ba sai da ta ga abokanta sun rugo. 'Yan Najeriya da yawa har gobe suna ganin an yi musu rashin adalci a wannan wasa. Ni dai ina ganin ana iya jayayya a kan tsananin hukuncin, amma ba za a ce katunan babu dalili ba, kuma abin da ya fi dacewa a tuna shi ne juriyar mutum tara, ba alƙalanci ba.

Shekara uku bayan haka, ranar 26 ga Yuli, 2025, aka sake haɗuwa a Rabat, wannan karon a wasan ƙarshe. Maroko ta ɗauko Jorge Vilda, wanda ya ci wa Sifaniya kofin duniya a 2023. Kafin a cika minti 25 Ghizlane Chebbak da Sanaa Mssoudy sun zura biyu, kuma duk wanda ya kalli rabin farko zai shaida cewa Falcons ba su san inda suke ba. Abin da ya biyo baya Esther Okoronkwo ce ta jagorance shi: ta ci fenariti, ta ba Folashade Ijamilusi ta farke, sannan ta ɗaga bugun tazarar da Jennifer Echegini ta tura raga saura minti biyu a tashi. A tsakani an ba Maroko fenariti, na'urar VAR ta sa aka soke shi, wanda shi ma ya zama nasu abin ƙorafin, kamar yadda jan kati ya zama namu a 2022. Yanzu kowane ɓangare na da raunin da yake nunawa, kuma irin wannan ne ke sa wasa ya daɗe a bakin mutane.

Na yi murna da wannan kofi na goma kamar kowa, kuma na ji daɗin cewa Justine Madugu, ɗan Adamawa, mai horarwa na gida wanda mutane da yawa suka raina, shi ne ya kawo shi. Amma idan aka duba ƙwallaye ukun da aka ci a Rabat da wadda Alozie ta ci a Casablanca, za a ga wani abu da ya kamata ya sa hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, tunani. Alozie a Amurka aka haife ta, a can ta koyi ƙwallo. Okoronkwo a Amurka ta yi karatu ta goge. Echegini a Holand aka haife ta, a Ingila ta tashi. Ashleigh Plumptre, ginshiƙin baya, 'yar Leicester ce. Dukansu 'yan Najeriya ne na halak, kuma zaɓin da suka yi na sanya rigar ƙasar iyayensu ko kakanninsu abin yabo ne. Maroko ma tana da irinsu daga Faransa da Sifaniya da Ingila. Bambancin shi ne Maroko ta haɗa nata da gasar cikin gida mai biyan albashi, Afirka ta Kudu kuma ta kafa gasar ƙasa a 2019, kuma Mamelodi Sundowns ta ci kofin zakarun Afirka a 2021 da 2023. Najeriya, mai gasar mata tun 1990, mai su Rivers Angels da Bayelsa Queens da Edo Queens da Nasarawa Amazons, ba ta kai ko wasan ƙarshe na wannan kofi ba a shekaru huɗun farko da aka buga shi. Ƙungiyoyinmu galibi na gwamnatocin jihohi ne, rayuwarsu na rataye a kan ra'ayin gwamna mai ci, kuma yarinyar da ta nuna hazaƙa burinta shi ne ta fice da wuri. Oshoala da Ajibade daga FC Robo ta Legas suka fito, Nnadozie daga Rivers Angels, wanda ke nuna rijiyar ba ta ƙafe ba, amma a Turai aka ƙarasa gina su.

Ga kuma maganar haƙƙi, wadda ta zama tamkar wani ɓangare na kowace gasa. A 2004 'yan wasan sun ƙi barin masaukinsu a Afirka ta Kudu sai an biya su alawus. A 2016, da kofin Yaounde a hannunsu, sun zauna a otal a Abuja kusan mako biyu, har suka yi tattaki zuwa Majalisar Dokoki ta Ƙasa. A 2019 an maimaita a Faransa, a 2022 kuma sun ƙaurace wa atisaye kafin wasan neman na uku, wanda Zambiya ta ci su. Bayan nasarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kyautar dala 100,000 da gida da lambar girmamawa ta ƙasa ga kowace 'yar wasa. Kyauta ce mai tsoka, ba na kuma jin akwai wanda zai ce ba su cancanta ba. Sai dai kyautar shugaban ƙasa tana zuwa ne bayan an ci kofi, alhali abin da ke samar da kofi na gaba shi ne albashin da ake biya a kan kari a Lafiya da Yenagoa da Benin, a watannin da babu kyamara. Domin a yi adalci, Banyana ma sun yi irin wannan rigima da hukumarsu daf da tafiya gasar duniya ta 2023, har suka ƙi buga wasan sada zumunta da Botswana. Cikin manyan ukun, Maroko ce ba a saba jin irin wannan daga sansaninta ba.

Akwai wani laifin da ke wuyan CAF ita kanta. Hamayya tana buƙatar a riƙa haɗuwa a kai a kai. Washegarin wasan Rabat, Ingila da Sifaniya suka buga wasan ƙarshe na gasar Turai a Basel, kuma wannan ya biyo bayan haɗuwarsu a gasar Turai ta 2022, da wasan ƙarshe na kofin duniya a 2023, da wasanni biyu na gasar ƙasashen Turai a cikin 2025 ɗin. Amurka da Japan sun buga wasan ƙarshe uku a cikin shekara biyar, a 2011 da 2012 da 2015. Mu kuwa an soke gasar 2020 gaba ɗaya saboda annobar korona, alhali ta maza ɗage ta aka yi, ta 2024 kuma sai a tsakiyar 2025 aka buga ta tana ɗauke da sunan shekarar da ta wuce. Haka nan tsarin neman gurbi bisa shiyya ya sa Najeriya da Ghana suka haɗu tun a zagayen farko a 2021, Ghana ta fita da jimillar 2 da 1, aka yi gasar 2022 babu ita. An ƙara yawan ƙasashe daga 8 zuwa 12 a 2022, an kuma ɗaga kyautar zakara zuwa dala miliyan 1 a 2025, waɗannan ci gaba ne. Amma komawa Maroko sau biyu a jere yana nuna ƙarancin ƙasashen da ke son ɗaukar nauyin gasar, yana kuma ba ƙasa guda fifikon 'yan kallo da bai kamata ya zama na dindindin ba. Najeriya, wadda ta karɓi baƙunci sau uku a farkon tarihin gasar, rabonta da yin haka tun 2006.

Ban manta da Zambiya ba. Tana da Barbra Banda, gwarzuwar Afirka ta 2024, da Racheal Kundananji, 'yan gaba biyu da kowace ƙasa a duniya za ta so samu, kuma ta je Olympics sau biyu a jere. Amma ci 5 da nema da Najeriya ta yi mata a zagayen ƙasashe takwas a 2025 ya nuna cewa bayanta bai kai gabanta ba. Idan ta gyara wannan, za ta shiga sahun da nake magana a kai.

Gasar duniya ta 2027 a Brazil za a yi ta, kuma Afirka na da gurabe huɗu na kai tsaye, waɗanda ƙasashen da suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar nahiyar ke samu, sai wasu biyu da za su bi ta wasannin cike gurbi da ƙasashen wasu nahiyoyi. A 2023 uku daga cikin huɗun da suka wakilci nahiyar sun tsallake matakin rukuni: Najeriya ba tare da an doke ta ba, Afirka ta Kudu bayan ta ci Italiya 3 da 2, Maroko kuma bayan Jamus ta zura mata shida a wasan farko, ta dawo ta ci Koriya ta Kudu da Kolombiya, ita ta wuce Jamus ta koma gida. Da Zambiya da Ghana da Kamaru a cikin lissafi, ƙasashen da ke ganin sun cancanci gurbi sun fi guraben yawa. Najeriya ba ta taɓa rasa gasar duniya ba tun ta farko a Sin a 1991, sau tara ke nan a jere, kuma a tsarin da ake bi yanzu wasa guda ne a zagayen ƙasashe takwas ke yanke ko za a tafi kai tsaye ko za a bi doguwar hanya. A 2022 Kamaru ce ta tsaya a gabanta a wannan mataki a Casablanca, kuma ƙwallo ɗaya tak da Ajibade ta sa da ka ce ta ba ta tikitin.